Bushewar Idon Kaka

Ranar da anka kai Kaka makwancinta na ga kukan da ban taɓa gani ba a Dakoro. Wallahi da an tara hawayen da anka zubar a tsakar gidanmu, da mun shuka shinkafa, mu da ko gero sai mun roƙi Allah. Mata sun cika gida har zaure, har bakin hanya. Wata Bahillata daga wajen Birnin Lalle ta aje ƙwaryar nononta a ƙofa, ta zauna ƙasa tana ta kuka, kuma ba wanda ya san ta a cikinmu. Wani tsohon Buzu, dogo kamar zai taɓo hadari, ya zo ya durƙusa gaban ƙanen babana, ya ja rawaninshi ƙasa kaɗan, ya gwale idonshi da yatsa biyu, ya ce, "Ka ga wannan? Aikinta ne." Ya maida rawani ya tashi. Ta'aziyyarshi ke nan duka.

Goggona ta Bader Goula, wadda ko kaza anka yanka sai ta yi mata hawaye, ranar sai da mutum ya riƙe ta. Liman ya aiko a ce wa mata su sassauta, hawaye babu laihi amma ban da kururuwa. Sunka sassauta iyakar tsayuwar ɗan aike.

Ni kuwa ina bakin zaure ina karɓar gaisuwa. Abokaina dillalan kasuwar bisashe suna zuwa suna kallona a kaikaice, suna jira in saki magana yadda na saba. Ɗaya ya kasa haƙuri ya ce, "To ango, yau amarya ta yi maka yajin da babu biko."

Na ce, "Bari kai dai, ko sadakina ba ta maido ba."

Munka yi 'yar dariya. Abin da ke raina daban ne. Ga tabkin hawaye a gidan matar da ta mutu tana neman ɗigo guda na kanta, ba ta samu ba. Shi ya sa na ce sai na rubuta, kada mutane su tuna da tsummanta kawai su manta da wannan.

Kaka ita ta haihi babana, shi ne ɗanta na fari. Ni jika ne, don haka tun ina cikin zanen goyo ni ne mijinta. Tana ce mini "mijin banza", ina ce mata "amarya mai haƙori ɗaya". Haƙoranta sun hi ɗaya, amma ni dillali ne, in na faɗi gaskiya tsurarta sai bakina ya yi ƙaiƙayi.

Sana'arta ido. Ba ta yi karatun lakkwal ba, ba ta da laya, ba ta da tsatsuba. Kayan aikinta farin tsumma ne da ta dafa ta shanya, da 'yar tukunya, da kaɗa, wato auduga. In ka zo da fatar ido ta kumbura, ko kwantsa ta liƙe maka gashin ido, ko kana jin kamar an zuba maka rairayi, sai ta zaunar da kai kan tabarma, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar za ta karɓi haihuwa. Ta ɗumama ruwa, ta gwada a bayan hannunta. Ta tsoma tsumma, ta matse, ta ce ka ruhe ido, ta ɗora. Ya huce, ta sake tsomawa. Haka za ta yi ta yi tana maka tambayar da ba ta shahe ta ba, wa ka aura, me ya hana ka ƙara, ina ubanka ya kai jar saniyar nan. Daga nan ta sa yatsa ta murza fatar idon a hankali zuwa bakin gashi, ta goge gindin gashin da kaɗa. Kowane ido da kaɗarshi. Kowane mutum da tsummanshi. In ka ce a bar ka da na wanda ya tashi, sai ta ce, "Wandonshi ma za ka ara?"

Namiji in ya zo da hazbiya, ƙurjin nan da ke hitowa a bakin ido, to ya shiga uku da ba'a. "Katangar wa ka leƙa?" Ko malami ne sai ta tambaye shi. Kuma ba ta yarda a matse. Tana cewa ido jariri ne, lallashi yake so.

Faɗanta da mutane a kan abin da suke zubawa a ido ne. Wannan ta ɗiga nonon goyo, wancan ya matsa lemun tsami, wani ruwan sukari, wani ma garin taba. In ta ji haka sai ta tafa hannu ta ce, "Saura daddawa da kuka, ka ga mun gama miya." In kuwa ta ga fari ya hito kan baƙin ido, ko mutum ya ce gani na raguwa, ba ta taɓa shi. "Wannan ya hi ƙarhin tsumma. Tashi ka tahi gidan likita tun da rana." Samarin yanzu da ke ƙura wa wayar salula ido har ya yi ja, maganarta gare su ɗaya ce: "Ƙifta mana, ɗan nan. Ba a biyan haraji a kai."

To babana ya kwanta ciwo, ciwon bai daɗe ba, Allah ya yi mishi cikawa. Ina da aure lokacin, ina da 'ya'ya, amma na yi kuka kamar an ƙwace mini tuwo.

Kaka ba ta yi ba. Kowa ya san al'adar. Ɗan fari ba a faɗin sunanshi, ba a nuna ana son shi, ba a kallon huskarshi cikin mutane. Duk rayuwarshi "wancan" take ce mishi, in da ni take magana ta ce "ubanka". Ranar da anka hito da gawarshi tana zaune bakin ɗakinta da carbi, ana mata gaisuwa tana cewa "Sai haƙuri", idonta ƙamas. Tsofaffi sunka yaba, sunka ce ga mace mai kara, irin na da.

Innata ba ta yaba ba. Tana cikin zahin rashin miji, ta ce wa ƙanwarta, da muryar da ta yi niyyar a ji, "Ban taɓa ganin bushewar ido irin ta tsohuwar nan ba. Ɗanka ya mutu ko ɗigo?"

Duk Bahaushe ya san nauyin wannan kalma. Mai busasshen ido shi ne marar kunya, marar tausayi, wanda zai kalle ka cikin ido ya zalunce ka. Kuma anka faɗa wa matar da kunya ce ta hana ta kuka. Kaka ta ji sarai. Ba ta ɗaga kai ba.

Cikin takaba idon innata ya kumbura don kuka, fatar ta yi jajir, da sahe sai ta ɓamɓare da yatsa kahin ta ga haske. Wata sahiya sai ga Kaka ta shigo da tukunyarta da sabon tsumma. Ba sallamar kirki, ba gaisuwa. Ta zauna, ta matse, ta ɗora. Innata ta so ta kauce, ta danne mata goshi da tahin hannu. Haka ta dinga zuwa kowace sahiya har idon ya saɓe, ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan. Ni na sha shirya cinikin da Bahillace da Buzu sunka kusa zare takobi, amma wannan shirun ban san ta inda ake kama shi ba. Daga baya sun koma gaisawa. Maganar dai ba a tada ta ba, ba a kuma binne ta ba.

Shekaru sunka shuɗe kahin in san abin da ke ciki. Na lura tana yawan murza ido, tana gudun rana, in iska ta taso sai ta ja mayahi ta ruhe huska. Bakin fatar idonta ya yi ja kamar an zana da barkono. Na ce, "Amarya, wanzami ba ya son jarfa ko? Ke da ke gyara idon duniya?"

Ta ce, "Zauna, mijin banza."

Na zauna. Ta ce ranar mutuwar ubana kukan ya zo mata har nan, ta nuna maƙogwaro, ta haɗiye. Ta ce a ranta bari a watse, bari a yi sadakar arba'in, baƙi su koma garuruwansu, sannan ta samu wuri ta yi abinta ba mai gani. Da anka watse ta zagaya bayan rumbu ta zauna. Ta jira. Ba abin da ya zo. Ta koma washegari, ta koma bayan nan.

"Ajiya na yi," ta ce. "Da na je ɗauka na tarar ta ƙahe. Yanzu ga shi idon ma ya bushe da gaske. Uwarka ta faɗa, Allah ya amsa."

Na ce, "Haba Kaka, bakin innata ko ruwan sama bai taɓa kira ya zo ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na kusa tahiya inda yake. Da wane ido zan kalle shi? Kowa ya yi mishi kuka, har mai gyaran tayar motarshi. Sai wadda ta haihe shi."

Daga ranar na ɗauki abin aikina. Na ce ni da nake sa 'yan kasuwa dariya har su riƙe ciki hawaye na zuba, ni da na taɓa sayar da tsohuwar akuya da sunan budurwa har mai saye ya yi mini godiya, ɗigon ruwa guda a idon tsohuwa zai gagare ni?

Na fara da kai ta gidan likita. Majo, babban mai jinya na wurin, mutumin kirki ne, ya duba ta da 'yar hitila, ya ce tsufa ne da hayaƙin murhu, 'yan ƙofofin maiƙon da ke bakin fatar ido sun toshe, ruwan idon ma ya ja baya. Ya ce ta dinga gasawa da ruwan ɗumi sahe da yamma kamar yadda take yi wa mutane, ta wanke gindin gashin, ta sha ruwa da yawa, ta nisanci hayaƙi, ta bar kwalli. Ya rubuta wani maganin ɗigawa da ya ce kamar hawaye yake. Ta ce, "Zai sa in yi kuka?" Ya ce, "Iya, zai rage miki zahi. Wancan ba ni da shi."

Barin kwalli ya yi mata ciwo. Ta ce mace ba kwalli miya ce ba gishiri. Amma ta bari. Maganin kuwa sai da na aika Maraɗi anka samo a farmasi. Ta sa mishi suna "hawayen kanti". In na ɗiga mata ya gangaro kan kumatu, sai in ce, "Ga shi nan, amarya, ki yi niyya kawai, mu ce na baba ne." Ta ce, "Ka taɓa ganin an yi alwala da ruwan da wani ya riga ya zubar?" Ta goge.

Na sayo albasa irin mai faɗan nan, na zauna gabanta na yi ta yankawa. Na yi kuka, matata ta yi, 'ya'yana sun yi, akuyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga ta koma tana sharar ido. Kaka tana zaune, idonta ya ƙara ja, yana mata raɗaɗi, ba ruwa. Ta ce, "Kwashe. Ko da ya zo, na albasa ne."

Na kunna mata wa'azin mutuwa da kwanciyar kabari a salula, irin wanda ke sa ƙato ya tuba. Ta saurara har ƙarshe ta ce malamin na da mura. Na kawo fim ɗin Indiya inda uwa ke kuka tun daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Wannan ko a ina take samun ruwa, rijiya gare ta?" Na zauna na zuba mata ƙaryata mahi tsada, ta raƙumin da na ce ya bi ni har masallaci don ya ji na yabe shi. Ta yi dariya har ta faɗi gehe, tana tari, tana dukan cinyata. Na leƙa idon da sauri. Ƙamas, kamar gulbi a bazara.

Ƙanen babana ya kawo liman ya yi mata nasiha. Liman ya ce kuka ba wajibi ba ne, addu'a ita ke isa ga mamaci. Ta ce, "Na sani, Malam, kuma ban fasa ba ko sau ɗaya. Amma addu'a kowane musulmi zai iya yi mishi. Kuka na uwa ne." Liman ya gyara hula ya yi fatiha.

Innata ta ji labari. Sai na ga ta karɓe girkin Kaka gaba ɗaya don kada ta kusanci murhu, ita ke dafa tsumman, ita ke shanyawa. Wata rana na ji ta daga bayan ɗaki tana cewa, "Iya, maganar nan da na yi…" Kaka ta katse ta: "Ruwan ya huce, ɗumamo." Iyakar abin da anka samu ke nan.

Daminar ƙarshe jikinta ya yi rauni, hannu na rawa, ni na koma mai gasa mata. Wata hantsi muna ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida, kowa ya tahi gona, tana kwance kan tabarma. Na gwada ruwa a bayan hannu yadda ta koya mini, na ɗora mata tsumma a ido. Ina cikin ba ta labarin wani ɗan Najeriya da ya zo sayen rago ya raina mini wayo, sai ta ce, "Yi mini shiru." Ina jin don idon a ruhe yake ne ta samu bakin magana. Ba ta ganin kowa, sai ta ga kamar ba mai ganinta.

Ta ce da ta yaye ubana, uwar mijinta ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya hashe gwiwa a gabanta, wata ce ke ɗaga shi, ita sai ta ci gaba da daka. Da ya girma ya fara jigilar hatsi zuwa Maraɗi, in ya dawo ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In ya juya zai hita, sai ta bi shi da kallo ta hudar zana har ya sha kwana.

"Ƙeyarshi na sani," ta ce. "Ko cikin mutum dubu zan nuna maka ƙeyar ubanka."

Na canza tsumma. Ta ce sau ɗaya ta taɓa kallon huskarshi ta ƙoshi. Yana da aure har an haihe ni, hazbiya ta hito mishi, ta hana shi tuƙi. Ya rasa yadda zai yi, ya zo wurinta kamar kowa. Ta zaunar da shi, ta ce ya ruhe ido, ta ɗora tsumma a ɗaya, ɗayan ma a ruhe. Shi ba ya ganinta, aiki kuma take yi, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Ta kalle shi. Ashe yana da ɗan tabo a ƙarƙashin gira, ba ta san ranar da ya same shi ba. Ashe hancin ubanta ne da shi.

"Hazbiyar ta hashe da wuri," ta ce. "Na ce mishi da saura. Ya dawo. Na ce da saura. Idon nan garau, ina ta gasa lahiyayyen ido. Har ya ce, 'Iya, ni fa ban jin komai.' Na ce, 'Kai ne mai magani ko ni?' Ya yi murmushi, idonshi a ruhe. Ina jin ya gane. Ya sake zuwa kuma."

Ruwan tukunya ya huce ban sani ba. Ta ce, "Ka yi shiru, maƙaryaci. Tunda anka haihe ka ban taɓa jin ka yi shiru ba."

Ta janye tsumman da kanta, ta miƙo hannu tana lalube, ta samu gemuna, ta hau zuwa kumatu. Ta tsaya. Huskata sharkaf take.

"Na wa ne wannan?"

Na ce, "Na baba."

"Ba albasa?"

"Ba albasa, Kaka."

Ta dangwalo da ɗan yatsanta, a hankali, ta ja shi a bakin fatar idonta na dama yadda take sa kwalli da. Ta sake dangwalowa ta sa wa na hagu. Ta ruhe ido, ta kwanta, tana jira ko nata zai ji ɗan'uwanshi ya biyo. Ni ma ina jira. Na ƙura wa idon nan ido ina roƙon Allah a zuci, ban taɓa roƙon ciniki haka ba. Kaji na tono a gehenmu. Inuwa ta matsa har rana ta taɓa ƙafarta.

Ta buɗe. Ba komai.

Ta ce, "Kayan aro ba ya ruhe katara."

Na ce, "Akwai saura, amarya, rijiyar mijinki ba ta ƙahewa. Kullum in zo in yi miki, kyauta."

"Gishirinka ya yi yawa," ta ce. "Ya yi mini zahi." Na ɗauko tsumma zan goge mata, ta riƙe mini hannu. "Bar shi. Jininshi ne. In na je na ce mishi da wannan na zo."

Ba ta ga kakar gero ba. Innata ce ta ruhe mata ido, ta ce a bushe suke har lokacin.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ka san abin da ta haɗiye, ka san don me. Ka gafarta mata, ka yalwata mata kabari, ka haɗa ta da ɗanta inda babu surukai, babu idon mutane, ta kalle shi ta gaba.